Dokar Sarkin Ming da Ta Hajiya

Muna jiran allurar korona a unguwar Setapak a Malesiya, sai wata mata ta leƙa littafin wani ɗalibi.

"Ɗan nan, me kake karantawa?"

"Tarihin Sin ne, Hajiya. Da sarkin daular Ming ya kori 'yan Mongol da suka mallaki ƙasar, sai ya hana tufafinsu da yarensu, ya ce a koma na kakanni."

"Aka koma kuwa? Don ni ma jiya na kafa doka. 'Yata in na yi mata Hausa, da Turanci take amsawa. Na ce daga yau ba Hausa, ba waya."

"Wasu sun koma. Amma jikokinsa ma sun ci gaba da sa rigar Mongol."

Ta gyara takunkumi.

"Ashe bai fi ni ba. Ni ma da Turanci na faɗa mata dokar, don ta gane."