Ƙwayar Sukari Takwas

A teburin mai shayi, tashar motocin Dapaong a Sokodé, wani dattijo ya dubi kofin magidancin da ke gefensa.

"Malam, ƙwayar sukari takwas a kofi ɗaya?"

"Asibiti za ni, Baba. Ana gwajin sabon maganin ciwon sukari."

"Ai masu ciwon kaɗai suke ɗauka, kuma sai an auna jini. Kana da shi?"

"Innata ke da shi. Sun ce shekarunta sun yi yawa."

"To, kai fa?"

"In suka ga sukari a jinina suka ba ni maganin, sai in kai mata."

"Ɗana, awonsu sukarin wata uku yake nunawa, ba na safiyar yau ba."

Magidancin ya daina juya cokali.

"Wata uku, Baba? Anya Inna za ta jira ni?"