Abincin jikata da ya narke

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Goggo Ladi daga Tsiga, maƙwabciyata ke rubuta mini.

Surukata kan markaɗa karas da mangwaro da dankali, ta sa a firji ya yi ƙanƙara, ana ɗuma wa jikata Ummi. Da ta tafi biki Kafur, aka ɗauke wuta kwana uku, duk ya narke. Wuta ta dawo ya sake daskarewa, na ɗauka ya gyaru, na ba yarinyar.

Yanzu Ummi na kwance a asibiti, amai da gudawa. Likita ya tambayi abin da ta ci, tsoro ya hana ni magana. Malam, in na faɗa yanzu za a iya ceto ta? Uwarta ba ta fashin jin shirin nan.