Digiri a Kan Tuwo

A tashar Zuba, muna jiran motar Abaji ta cika, wani dattijo yana hira da wata mata.

"Mutane cewa suke 'yata Muhibba ta rasa aikin yi. Digiri na biyu a kan abinci! Shi ya sa na hana ta."

"Abinci kawai, Baba?"

"Abinci da abin da mutum ya gada a jininsa. Wai kowane jiki da cimarsa. Tuwo ma sai digiri?"

Matar ta yi dariya. "Ni da mijina kwano ɗaya muke ci tun aurenmu. Suga ta kama shi, ni garau. Da za ta gano dalili, da na gode."

Ya ciro waya, ya kira 'yarsa.

"Muhibba? Uwata, ki yi haƙuri. Je ki yi karatunki."