A hancin Iya aka samu cutar

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Maman Sadiya daga Sabo, Ibadan.

Bayan suna da kwana biyu cibiyar jaririyata ta fara ruwa. Na sayo magani a kemis, bai yi komai ba. A asibiti ma sau uku ana canza allura. Likita ya ce ƙwayar cutar ta saba da magungunan, ba ta jin su. Wai kuma iri ɗaya ce sak da wadda ta kama jarirai biyu a gidanmu, ɗaya ya rasu.

Ma'aikatan asibiti suka goga mana auduga a hanci don gwaji, mu duka 'yan gidan. Malam, a hancin Iya Tabawa aka same ta, tsohuwar da ke yi wa jariranmu wanka. Lafiyarta ƙalau, ko mura ba ta yi. Ni aka faɗa wa, don ba ta jin Yarbanci.

Jaririyata ta warke, alhamdulillahi. Amma matar ƙanin mijina ta kusa haihuwa, Iya har ta tanadi soso da sabulu. Ita ta wanke mijina yana jariri. Don Allah masu sauraro, da wane baki zan faɗa mata?