Karmar Ɗanliti da Takardar Dubiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, Alhaji Sanusi; limaminmu, Malam Nasirudeen; shugabar mata, Hajiya Habibatu; 'yan'uwa na Ghana da na Nijar da na Najeriya, mutanen Mitchellville da na College Park da mu na nan Wheaton; 'ya'yanmu da ke kujerun baya, masu jin Hausa suna amsawa da Turanci; ina gaishe ku baki ɗaya.

Na gode da aka ba ni minti goma. Rabona da tsayawa gaban ƙungiyar nan shekara takwas ke nan, kuma ba marmari ne ya dawo da ni ba. Kalma guda ce ta ishe ni, wato karma.

Na farko, ma'anarta. Ba tamu ba ce, ta mutanen Indiya ce. Na karanta ta a jami'a, lokacin da nake zaton karatu zai kai ni wani wuri. Asalin ma'anarta aiki. A addinansu, duk abin da mutum ya aikata, da niyyar da ya aikata shi, yana da sakamakon da zai same shi, ko a wannan rayuwa ko a wata, don sun yi imani ana sake haihuwar mutum. Mu ba mu yarda da sake haihuwa ba, amma a yi musu adalci: sun riƙe kalmar ne don mutum ya dubi aikin hannunsa kafin ya yi shi.

Na biyu, yadda muke amfani da ita. Mun tsince ta a talabijin da wayoyin yaranmu, mun mai da ita tafin murna. Mota ta tsere maka a hanya, ɗan sanda ya tsayar da ita, karma. Wanda ba ka so ya rasa aiki, karma. Ban taɓa jin wani ya faɗi a kan ƙanƙara ya ce karmarsa ce ba. Kullum ta maƙwabci ce. Da can muna da sunan wannan hali, dariyar ƙeta, kuma muna jin kunyarsa. Yanzu mun samo masa sunan waje, kunyar ta tafi.

Na uku, Ɗanliti. Sababbin zuwa ba su san labarin ba. Ni ne nake koya wa yara Hausa ranar Asabar. A taro irin wannan Ɗanliti ya miƙe ya ce, "Turanci ne zai ciyar da 'ya'yanmu. Direban tasi ya koma tasinsa." Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, aka rufe ajin. Da yawanku kuna cikin masu ɗaga hannun. Ban manta ba, gajiya kawai na yi.

Wata huɗu da suka wuce shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ta tafi da Turancinsa kaf, ta bar masa guntun Hausa. 'Ya'yansa uku, babu mai iya haɗa jimla da ita. Na shiga kantin kayan miya na haɗu da Sailuba, 'yar ƙungiyar nan, ta tare ni da fara'a: "Malam, albishirinka. Karma ta kama mutuminka." Na ce, "Kin je dubiya?" Ta ce, "Ni? Ai saboda kai muka ƙi zuwa."

Saboda ni. To, a gaban Allah da gabanku, a cire sunana. Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar da na ji labarin zuciyata ta yi sanyi, na ci tuwo da daɗi. Washegari na raina kaina, na tafi gidan jinyar da aka kwantar da shi. Na same shi yana ta maimaita magana, 'yarsa Ramla tana kuka tana gyara masa matashi. Abin da yake cewa, takalmin da aka ɗaura wa ƙafarsa yana cin naman ƙafar. Kwana uku yana faɗa, matarsa na wurin aiki, babu mai ganewa. Da na fassara aka kwance, wurin ya riga ya zama gyambo. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne?" Na ce, "Direban tasi ne." Ya yi dariya da rabin bakinsa, sannan ya yi kuka.

Kuna cewa alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi. Haka ne. Amma wa ya naɗa ku masu nuna wa kuikuyon gida? In kowa yana girbin abin da ya shuka tun a duniya, me na shuka na yi shekara ashirin da biyu ina jiran fasinja a filin jirgi da digiri biyu? Me Annabi Ayuba ya shuka? Ciwo jarrabawa ne, kuma ba majinyaci kaɗai ake jarrabawa ba.

Ga abin da ya kawo ni. Duk Talata da Alhamis, ƙarfe goma na safe, mai koya masa magana tana zuwa, kuma sai da tafinta. Matarsa Hasiya tana wurin aiki a lokacin, tana jinyar tsofaffin wasu. Wata uku ni nake zuwa. Ranar Litinin za a yi mini aikin yanar ido, likita ya hana ni tuƙi mako shida. An gaya mini in babu tafinta za a dakatar da koyarwar, kuma abin da harshensa ya fara kamawa zai iya kuɓuce masa.

Ga takarda a kan teburin shugaba. Layi goma sha biyu ne, kowa ya sa sunansa a ranar da zai je tafinta, ba digiri ake nema ba, Hausar da kuka sha a nono ce kawai. In kun gaskata da karmar nan taku, ku tuna dukanmu a ƙasar mutane muke tsufa, kuma yaran da za su tsaya a kanmu ga su can baya.

Allah ya ba Ɗanliti lafiya, ya sa kaffara ce. Allah ya yafe mini tuwon da na ci ranar nan. Allah ya shirya mana zuriya, ya mai da kowa gidansa lafiya, kada ya bar ɗayanmu yana kira babu mai gane shi.

Alƙalamin na bar shi a kan takardar. Na gode.