Jirgin Evert Ya Sake Nutsewa

A tashar bas ta bakin tafki, tsoho Evert na zaune da jiƙaƙƙen wando, ɗan jirgin yaƙinsa na rimot na ɗiga a cinyarsa. Wata mata ta leƙa hujojin jirgin.

"Baba, wa ya yi wannan ɓarna?"

"'Yan ƙungiyarmu. Harbin jiragen juna muke, wanda nasa ya nutse ya shiga ruwa ya tsamo."

"To ka yi masa jikin ƙarfe mana!"

"An hana. Jirgin da ba ya hujewa ba ya shiga wasa."

"Ai ka gaji, Baba. Ka haƙura."

Ya murza gwiwarsa. "Na gaji, 'yata. Amma tun rasuwar matata, masu nutsar da ni kaɗai ke cigiyata in ban zo ba."