Kan Soja da Zabin Asta

A tashar Gidan Rumji, ana gab da zaɓe, Asta na tsugune da zabinta biyu, sai wani dogon mutum ya tsaya yana girgiza kai.

"Jika ɗaya, Malam."

Bai daina girgiza kai ba.

"To, na rage. Haba, na ƙara ragewa! Ko ɗan'uwana ban saukar wa haka ba."

Mutumin ya fashe da dariya. "Inna, dakata kada ki ba ni kyauta! Ba ƙi nake ba, kan ne ke rawarsa."

"Iskoki ne?"

"Soja nake a da. Aka kai mu yaƙin Larabawa, muka shaƙi hayaƙin rijiyoyin mai, tsakar rana kamar magariba. Likita a Maraɗi ya ce wataƙila shi ya taɓa jijiya. Amma ciwon ya yi mini rana: 'yan siyasa sun daina zuwa gidana, kowa ya zaci na ƙi jam'iyyarsa."

Asta ta yi dariya har da hawaye, sai kuma ta tsaya.

"Da kan ya fara?"

"A'a, da hannu. Kofin shayi ya riƙa suɓuce mini."

"Ɗana Muhsin ma ya je can. Ƙorai nawa ya fasa mini, ina ta zaginsa, wai soja ya koya masa sakarci."

"Ki kai shi Maraɗi tun da wuri, Inna."

Asta ta ɗaure ƙafafun zabin, ta miƙa masa.

"Kuɗin farko za ka biya, soja. Mota zan shiga in kai Muhsin Maraɗi."